Zafin Afrilu ya cinye min ƙwarin da na saya da tsada

Wallahi har yanzu in na tuna kuɗin nan sai raina ya ɓaci. Jan gizo-gizo, ɗan mitsitsin ƙwaron nan mai tsotse ruwan ganye, shi ne ya addabi kokwambar da nake nomawa a ɗan gidan leda na bayan gida a Hotoro, ganye duk ya yi ɗigo-ɗigo rawaya, na yi feshi har na gaji ba ya ji. Shi ne na sa aka kawo min ƙwaron da ke cinye shi, Phytoseiulus persimilis, cikin 'yar kwalba.

Wanda ya sayar min bai ce min komai kan zafi ba, ko kalma ɗaya, kuma ya san Kano za a kawo su a watan Afrilu! Ƙwaron nan digiri 20 zuwa 27 yake so, da danshin iska sama da kashi 60. A haka cikin kamar mako ɗaya ƙwai ya zama babba, yana riga gizon hayayyafa. Amma da an haura 30 labari ya juya, gizon ne ke tsere masa, wajen 35 kuwa ko cin abincin ma dainawa yake. Ni ko cikin ledata da azahar ana wuce 40.

Da na sa gilashin ƙara girma na duba bayan ganye abin tausayi, ƙwayayensu masu ruwan lemo duk sun motse ba su ƙyanƙyashe ba, 'yan manyan da suka rage sun gangara ganyen ƙasa neman sanyi, shi kuma gizon ya haye can sama yana ta saƙarsa hankali kwance.

Wani ya ce in jira hunturu. To ai hunturun namu bushewa ce zalla, ƙwan ba zai kai labari ba, ga sanyin asuba na rage musu saurin girma.

Sai ƙarshen damina na sake gwadawa, wannan karon da wani ƙwaron mai cin gizon, Neoseiulus californicus, shi ya fi jure zafi da bushewa kuma ko gizo ya yi ƙaranci yana iya rayuwa da garin fure. Na ɗora ragar inuwa, ina jiƙa ƙasa da rana, sakin ƙwarin ma sai bayan la'asar na yi. Alhamdulillahi sabon ganye ya fito tas. Duk mai son saya, don Allah ka rataya ma'aunin zafi a tsakiyar shukar tukuna, ka duba shi da ƙarfe 2 na rana kafin ka tura wa kowa ko sisi.