Yau allurar sifido ta tashi

Asabar, da dare.

Hannuna har yanzu warin kananzir yake, bayana kuma ciwo yake saboda sunkuyo ƙarƙashin sitiyari, amma bari in rubuta wannan tun ban manta yadda abubuwa suka tafi ba. Yau allurar sifidomitar tsohuwar akori-kurar nan tawa ta tashi, ta tsaya inda ya kamata ta tsaya, ba rawa ba karkarwa, wallahi sai da naji wani abu ya tsirga min a ƙirji.

Toyota Hilux ce ta 1976, cikin zubi na biyu da suka yi daga 1972 zuwa 1978, a hannun Kawu na gaje ta. Tun randa na karɓe ta allurar take tsalle tsakanin 20 da 60 kamar mai jin sanyi, ga wani ƙii ƙii da ke fitowa daga bayan dashbod, rannan kawai sai ta kwanta a sifili bata sake motsi ba. Gejin mai kullum cewa yake tanki a cike yake, gejin zafi kuwa kana tada inji minti biyu ya haye can sama kamar lagireto zai fashe. Wannan na zafin shi yafi damuna, don duk randa injin ya ɗau zafin gaske ba yadda za ai in sani tunda na saba ganin allurar a sama.

Da safe na fara cire kan batir, sannan na kwance sukurorin allon da sifido da gejin mai da na zafi suke ciki. Ƙanina ne ya riƙe min tocila, na zura hannu ta baya na saki kebur ɗin sifido, na ɗau hoton wayoyin da wayata kafin in zare ko ɗaya. Robar da tayi kusan shekara hamsin bata son garaje, a hankali na riƙa lallaɓa ta har allon ya fito lafiya.

Dana zaro zaren cikin kebur ɗin sai naga ya tsinke can ƙasa kusa da inda yake shiga giyabos, giris ɗin jikinsa ya bushe ya koma kamar danƙo. Ƙanina yace "Yaya ai shikenan, a sa sabon kawai a wuce wajen." Dama na tanadi sabon, amma nace masa tsaya tukuna, zaren ƙarfe baya tsinkewa haka siddan. Na sa ƙaramar sukurudireba a ramin bayan sifidon inda kan kebur mai kusurwa huɗu yake shiga, na murza da yatsa, da ƙyar yake juyawa. To ga mai laifin nan. Giyabos na murɗawa daga ƙasa, sama ta cije, zaren ya riƙa nannaɗewa yana saki (rawar allurar kenan) har ya gaji ya katse. Da mun sa sabon haka nan da bai kai sati ba shima zai bi sahu.

Buɗe cikin sifidon shi yaci min rabin yini kuma bana da-na-sanin ko minti ɗaya. Abin da ke burge ni, babu wani haƙori ko ƙarfe da ya haɗa kebur da allura kai tsaye. Kebur ɗin maganaɗisu yake juyawa, maganaɗisun yana cikin wani ɗan kofi na alminiyam amma basa taɓa juna, to in yana juyawa sai ya haifar da wata 'yar wutar lantarki a jikin kofin, ita ce ke jan kofin yana son ya bi shi. Wani siririn sifirin kamar gashi, irin na cikin agogo, shi ke riƙe kofin yana maido shi baya. Iya saurin maganaɗisu iya ƙarfin jan, inda ja da riƙo suka yi kunnen doki nan allura ke tsayawa. Wani injiniya mai suna Otto Schulze ne yayi rijistar wannan dabara tun 1902, kuma da ita motoci suka yi ta aiki har na lantarki suka zo suka karɓe.

Kafin in cire allurar sai da na ɗaga ta a hankali ta tsallake ɗan ƙusan da take kwanciya a kai, na bar ta ta tsaya inda sifirin ya ga dama, na sa alama da fensir a gefen gwangwanin. Wanda ya manta da wannan in ya tashi maidawa allurarsa ƙarya zata riƙa yi masa har abada. Da ƙananan cokula biyu na ɓanɓaro ta, na sa takarda a ƙasansu don kar su karce fuskar. Sannan na ɗiga kananzir a wuyan da maganaɗisun ke juyawa a ciki, ina murzawa ina gogewa, baƙin datti na ta fitowa, sai can naji ya saki yana juyawa sumul. Ɗigo ɗaya na man keken ɗinki na sa, ɗaya tak. Sifirin ɗin ko numfashi ban so ya taɓa shi ba. Na kuma share teburin tas kafin in fara, don maganaɗisu in ya kwashi garin ƙarfe ya shiga tsakaninsa da kofin an koma gidan jiya.

Da muka zo kan lambobin kilomita, 73418 suke nunawa. Ƙanina yace tunda gashi a buɗe a maida su sifili mana ta koma sabuwa. Ban amsa masa ba, na kira Kawu a waya nace "Kawu barka da rana, wai lambar motar nan ta taɓa zagayowa kuwa?" Yayi dariya yace "Ɗana ai a gabana ta cika tara biyar ta koma sifili, ina kan hanya da dare, sai da na faka gefe na kalle ta." Layi biyar ne lambobin, in sun kai 99999 sai su sake daga farko, kenan motar ta haura kilomita 173,000, banda wanda tayi bayan kebur ya tsinke. Na goge su da auduga, na sa sabon giris kaɗan a haƙoran da ke juya su, na bar su yadda na same su. Tafiyar Kawu ce a jiki, ba ni da hurumin gogewa, kuma ko wata rana motar ta bar hannuna bana son in yaudari kowa.

Gwaji da diril nayi. Na yanko guntun tsohon zaren na ɗaure a bakinsa, na sa shi a ribas, ɗaya kan na zura a bayan sifido. Ma'aunin motocin Japan shine juyi 637 na kebur a kilomita ɗaya, wato in yana juyi 637 a minti allura ta nuna 60. Diril ɗina a ƙaramin giya 400 aka rubuta a jikinsa, lissafi ya bada wajen 38. Na danna, allura ta tashi a natse ta tsaya tsakanin 36 da 37 ƙyam. Ƙanina har da tafi. Rubutun jikin diril dama ƙiyasi ne, don haka ban taɓa komai ba.

Gejin mai da na zafi aikinsu daban ne. A cikin kowanne akwai ɗan fallen ƙarfe iri biyu a manne da siririyar waya a nannaɗe, wuta in ta bi sai yayi zafi ya lanƙwashe ya tura allura, shi yasa suke tashi sannu a hankali in ka murɗa makulli. Su biyun daga wani ɗan regileta suke shan wuta, shi ke rage bolt 12 na batir zuwa wajen 7 ta hanyar kunnawa da kashewa. Tunda su biyun ne suke haurawa sama tare, zargina ya tafi kansa. Ilai kuwa, inda yake kama bodi, wanda masu wayarin ke cewa at, tsatsa ta cinye wajen, to bai iya kashewa sai ya riƙa tura musu wutar gaba ɗaya. Ikon Allah ne ma da basu ƙone ba. Na kankare wajen har yayi ƙyalli, na ɗaure, na jona ƙwan gwaji, sai gashi yana kawowa yana ɗaukewa kamar sigina. Abin da ake so kenan.

Fuskar allon da busasshen burushi mai laushi kawai na share ta, tina ko sifirit in suka taɓa farin rubutun nan tafiya yake. Allurai sun koɗe na maida musu jan fentinsu, gilashin roban na goge shi har hazon ya tafi, ƙwayaye uku da suka mutu na canza da irin nasu na asali, bana son shuɗin hasken zamanin nan a motar da ba don shi aka yi ta ba. Sabon kebur na shafa masa mai kaɗan amma na bar ɗan tsawon da ke kusa da sifido a bushe, don in an cika shi man hawa yake ya shiga cikin kofin. Na bi da shi ta inda babu lanƙwasa mai tsanani, nesa da salansa.

Da yamma muka fita gwaji, ƙanina riƙe da wayarsa yana duba saurin da GPS ke bayarwa. Allura na 60 waya na cewa 62, nasan dalili, tayoyin da ke ƙafarta sun ɗan fi na asali tsayi. Gejin zafi ya tashi a hankali ya tsaya ƙasa da rabi kaɗan ya zauna nan har muka dawo, na riƙa satar kallonsa kamar baƙo. Lambar ƙarshe kuma ta mirgina, 73418 ta koma 73419, na sake kiran Kawu na faɗa masa, yayi shiru sannan yace "Allah yayi albarka."

Gejin mai ne bai gama gamsar da ni ba, yana nuna rabi daidai amma in mun hau gargada sai ya faɗi ƙasa ya sake tashi, inaga wayar jikin fulot ɗin cikin tanki, abin nan da ke yawo a saman fetur yana auna yawansa, ce ta cinye a tsakiya. Wannan sai gobe da rana a fili inda iska ke kaɗawa, batir a cire, don tururin fetur ba abin wasa bane. Na jera sufanun a bakin ƙofa tun yanzu.