Hanyar Pamir: Takarda Kafin Tikiti

Sana'ata ita ce shirya wa mutane tafiya zuwa wuraren da jirgi ba ya sauke mutum a bakin ƙofa. Kamfanin namu ƙarami ne: ni, da mai kula da takardu, sai direbobi da masu masaukin da muke hulɗa da su a can. Cikin duk inda muke kai matafiya, babu inda ke cin lokacinmu kamar tsaunukan Pamir da ke gabashin Tajikistan, kuma babu inda nake ƙaunar aikinsa kamar nan.

Yankin da ake magana a kai shi ne Gorno-Badakhshan, wanda a takardu ake taƙaita shi da GBAO. An kafa shi a 1925, zamanin Tarayyar Sobiyet. Ya cinye kusan kashi 45 cikin ɗari na ƙasar Tajikistan, amma mutanen da ke zaune cikinsa ba su wuce kusan kashi 3 cikin ɗari na al'ummar ƙasar ba. Ta kudu da yamma ya yi iyaka da Afganistan, ta gabas da ƙasar Sin, ta arewa da Kirgizistan. Duk wanda ya dubi taswira zai gane dalilin da ya sa gwamnati ke son sanin kowane baƙo da ya shiga.

Abin da nake fara faɗa wa duk wanda ya zo mana shi ne, biza daban, izinin shiga GBAO daban. Biza ta ba ka damar shiga Tajikistan, amma ba ta wuce da kai shingen jami'an tsaro da ke kan hanyar Kalaikhum, garin da ke mashigin yankin. Tun 2016 ƙasar ta fara bayar da biza ta intanet, kuma a cikin fom ɗin akwai wurin da mutum zai nuna yana son izinin GBAO, ya ƙara dala 20 a kan kuɗin bizar. Ɗan wurin nan shi mutane ke tsallakewa. A 2022 kuma aka ɗauke wa 'yan ƙasashe 52 neman biza idan zaman bai wuce kwana 30 ba, sai wasu suka ɗauka an ɗauke masu komai. Ba haka ba ne. Su ma sai sun nemi izinin, ko dai a ofishin jakadanci kafin su taso, ko a ofishin rajistar baƙi da ake kira OVIR a Dushanbe, babban birnin ƙasar. Wanda ya sauka daren Juma'a ba tare da takardar ba, zaman jiran Litinin ya kama shi, ga kuɗin otal, ga direba da mota suna jira a kan kuɗinsa. Kowane fasfo da dokar da ta hau kansa, shi ya sa ba ma auna na wani da na wani. Duk wanda ya zo sai mun duba nasa daga farko.

Idan takardar ta fito, muna bin ta harafi bayan harafi. Suna ya yi daidai da na fasfo, lambar fasfo ta yi daidai, kwanakin su rufe tafiyar har da rara. Wadda ake bugawa a ofis kan zo da sunayen gundumomin da aka yarda mutum ya shiga: Darvoz, Vanj, Rushon, Shughnon, Roshtqala, Ishkoshim, Murghab, da Khorog, babban birnin yankin. Idan babu Ishkoshim a ciki, to kwarin Wakhan da ke bakin iyakar Afganistan ya fita daga tafiyar ke nan. Sannan mu yi wa kowa fotokofi mai yawa na fasfo da na izinin, mu damƙa wa direba. A shinge, jami'i kan rubuta bayanan kowane baƙo da hannu cikin babban littafi. Idan aka miƙa masa kwafi, an rage tsayuwa a cikin sanyi.

Akwai kuma wuraren da izinin GBAO bai isa ba. Tafkin Sarez, wanda girgizar ƙasar 1911 ta haifar lokacin da dutse ya zaftaro ya toshe kogin Murghab ya binne ƙauyen Usoi, sai da izini na musamman daga hukumar agajin gaggawa ta ƙasar, domin har yau ana sa ido a kan wannan madatsa. Gandun Zorkul ma da tasa takardar. Waɗannan ba na yi wa kowa alkawarinsu sai na riƙe su a hannu.

Wani abin da ya kamata mai wannan sana'a ya faɗa wa mutane tun kafin su biya shi ne, ana iya rufe ƙofar baki ɗaya. An dakatar da shigar baƙi bayan rikicin Khorog na 2012, aka kuma yi haka a 2022. Iyakar Tajikistan da Kirgizistan ta rufe bayan faɗan 2021, ba a buɗe ta sosai ba sai da shugabannin ƙasashen biyu suka sa hannu a yarjejeniyar iyaka a watan Maris na 2025. Saboda haka ƙa'idata ba ta canzawa: takarda tukuna, sannan tikiti, kuma tikitin ya zama wanda ake iya ɗaga ranarsa. A yarjejeniyar da muke yi da matafiyi muna rubuta abin da za a mayar masa idan hanya ta rufe. Wasu na ganin wannan magana na korar ciniki. Ni dai gara in rasa ciniki da in riƙe kuɗin mutum a kan abin da ba ya hannuna.

Daga Dushanbe zuwa Khorog kimanin kilomita 600 ne ta hanyar Kulob. A ido kamar tafiyar wuni ɗaya, amma mu kan raba ta biyu, a kwana a Kalaikhum. Daga nan titin na bin gaɓar kogin Panj, dutse a hannun hagu, ruwa a hannun dama, ƙauyukan Afganistan kuma a tsallake, kusa har kana ganin masu shanya da masu kiwo. Ƙasa kan zaftaro ta tare hanya, manyan motocin kaya kan cika ta. Akwai wata hanyar ta arewa da ke bi ta Tavildara, ta fi gajarta, amma dusar ƙanƙara na rufe ta watanni da yawa. Lokacinmu na aiki daga Yuni ne zuwa Satumba.

Inda muka fi yin gardama da matafiya shi ne ta ina za a fara. Babbar hanyar, M41, wadda aka shimfiɗa tsakanin Osh da Khorog a farkon shekarun 1930, ana iya shigarta ta kowane ɓangare. Da yawa suna son farawa daga Osh a Kirgizistan domin a kai ga manyan tsaunuka da wuri. To amma Osh ba ta kai mita 1,000 daga doron teku ba. Sary-Tash ta haura 3,100, mashigin Kyzyl-Art da ke kan iyaka mita 4,280, tafkin Karakul kuma kusan 3,900. Wato cikin dare biyu mutum ya kwana a inda jikinsa bai shirya ba. Daga mita 2,500 ciwon hawan tsauni ke fara kama mutane saboda ƙarancin iskar oksijin: ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci. Likitocin da suka san harkar na cewa da zarar an wuce mita 3,000, kada wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a rana. Ba ruwan ciwon da ƙarfi ko ƙuruciya. Ɗan wasan motsa jiki na iya kwantawa, dattijo na yawonsa.

Ta Dushanbe kuwa hawan kamar na matakala ne. Kalaikhum, sai Khorog a wajen mita 2,100, sai Ishkoshim, sai ƙauyen Langar a kwarin Wakhan da ke dab da 2,900. Ko a nan akwai tsalle ɗaya babba, daga Langar ta mashigin Khargush zuwa saman tudu. Shi ya sa muke ƙara kwana a Langar, da rana a hau dutse a ƙafa, da dare a sauko a kwana ƙasa. Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne, daga Murghab, da ke sama da mita 3,600, duk hanyar da za ka bi ka sauka sai ta fara hawa da kai sama da mita 4,000: Koitezek idan an nufi Khorog, Ak-Baital mai mita 4,655 idan an nufi Osh. Wanda ya fara ruɗewa, ko tangaɗi, ko haki alhali yana zaune, maganinsa sauka nan take, kuma saukar sa'o'i ce masu yawa. Kowane matafiyi sai ya ga likitansa kafin ya taso, ya kuma yi inshorar da ta ƙunshi ɗauko mara lafiya daga tsauni. Direba kuma na ba shi iko a rubuce ya juya mota ba tare da ya jira izinina ba, domin a wurare da yawa waya ba ta kamawa.

Masaukinmu gidajen mutane ne. A yammacin yankin yawanci 'yan Isma'iliyya ne, wani reshe na Shi'a, kuma gidansu na gargajiya na tsaye a kan ginshiƙai biyar da suke dangantawa da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Ali da Fatima da Hasan da Husaini. A Murghab kuma Kirgizawa makiyaya ne suka fi yawa. Muna biyan su da somoni, kuɗin Tajikistan, a hannu, domin bayan Khorog ba a dogara da na'urar cirar kuɗi. Ba na yin ciniki a kan kuɗin kwana. Mutanen nan watanni huɗu suke da su na samu, sauran shekara sanyi ne, kuma ribar da zan tatsa daga bakinsu ba za ta yi mani albarka ba.

Wanda ya zo mani da kwana biyar yana son ya ratsa daga Dushanbe har Osh, nakan ba shi zaɓi biyu: ko ya tsaya a Khorog da Wakhan ya dawo, ko ya jira shekarar da zai samu aƙalla kwana goma.