Ruwan sahur da ya ƙi zama a jikina

Azumin 2024 ya faɗo a watan Maris, daidai lokacin da muke yankan alkama a gonar rani wajen Auyo. Dabarata a lokacin ita ce in kwankwaɗi moɗa huɗu ta ruwa da sahur har ciki ya yi tam, wai ina ajiya kamar raƙumi. Kafin hantsi na zaga bayan gona sau uku. La'asar na yi, kai ya ɗauki sara, fitsari kuwa ya koma kalar shayi.

Ƙanwata da ke karatun aikin jinya ta zo hutu, ta gan ni kwance a gindin darbejiya. Da na ba ta labari sai ta yi dariya. "Yaya, ai jiki ba randa ba ne."

Ta ce a ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe, haifotalamas, wanda kullum yake auna kaurin jini. Idan gumi ya fita, gishirin jini ya ƙaru ko da kashi 1 zuwa 2 cikin 100, sai ya tayar da ƙishirwa, ya kuma sa a saki sinadarin basofiresin, mai umartar ƙoda ta riƙe ruwa. Shi ya sa fitsari ke raguwa ya yi duhu. In kuwa ka ɗura ruwa mai yawa lokaci guda, jini ya tsinke, sai a janye umarnin, ƙoda ta zubar da rarar. Moɗa huɗun nan tawa kenan.

Abin da ya fi ba ni mamaki na magariba ne. Nakan sha ruwan leda ɗaya mai ƙanƙara, nan take ƙishirwa ta ɗauke, in koma kan ƙosai da kunu. Ashe ruwan bai ma gama isa jini ba, wannan sai an ɗauki mintuna. Baki da maƙogwaro ne ke aika wa ƙwaƙwalwa labarin an haɗiyi ruwa, ita kuma ta kashe ƙishirwar tun kafin biyan bashi. Ruwan sanyi ya fi saurin yin haka. Ni ina cewa na ƙoshi, alhali gumin yini guda yana nan ba a mayar ba.

Sai na sauya. Kofi ɗaya da shan ruwa, ɗaya bayan sallar magariba, ɗaya kafin asham, wani bayanta, haka har sahur, ko ina jin ƙishirwa ko ba na ji. Yankan alkama kuma muka mayar da shi tsakanin asuba da hantsi. Ba zan ce ƙishirwar rana ta tafi ba, amma ciwon kan ya yi sauƙi sosai.

Baba ne ya ba mu aiki. Ƙanwata ta ce tsufa na dushe jin ƙishirwa, shi kuwa kullum amsarsa, "Ni ban ji ba." Yanzu ba ma tambayarsa. Ni ke miƙa masa kofin in tsaya a kansa har ya shanye, yana mita.