Tafiyata Chennai da Ɗan Ƙanwata Domin Aikin Zuciya

Tun ranar kaciyarsa, da jini ya ƙi tsayawa, muka san ɗan ƙanwata yana da himofiliya, cutar rashin daskarewar jini da ake gada ta wajen uwa, wadda galibi maza take kamawa. Da ya girma kuma sai likitoci a Kano suka gano cewa ciwon maƙogwaron da ya sha yi yana yaro ya lalata masa ɗaya daga cikin ƙofofin zuciya, wato bawul, kuma dole a sauya shi. Wannan ne ya sa muka nemi bizar jinya, muka bi ta Addis Ababa zuwa Chennai a kudancin Indiya.

A filin jirgi wani jami'i ya karɓi katin rigakafin shawara da ke hannunmu, ya yi ta jujjuya shi, sannan ya bar mara lafiya a tsaye tsawon lokaci ba tare da ya ce masa ya zauna ba. Da muka fita sai ga A-daidaita-sahu fal titi, irin namu sak, domin daga can ake kawo mana su, kuma direbobinsu sun fi namu iya tsuga wa baƙo kuɗi.

Abin da ya fi ba ni mamaki a asibitin shi ne likitan jini ya fi likitan zuciya yawan magana da mu. Ya bayyana cewa jinin yaron ba shi da isasshen sinadarin fakta 8, wanda ke taimaka wa jini ya daskare, kuma kafin a taɓa shi da wuƙa sai an gwada ko jikinsa yana yaƙar sinadarin idan an zuba masa, sannan a ɗaga yawan sinadarin a jininsa zuwa kusan kashi 100 cikin 100. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mutumin da jininsa ba ya daskarewa, shi za a ba hefarin, maganin tsinka jini, domin kada jinin ya daskare a cikin injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu lokacin tiyata, daga baya a warware shi da wani magani.

Sai batun irin bawul ɗin. Na ƙarfe yana daɗewa, amma mai shi zai sha wafarin, wani maganin tsinka jini, har ƙarshen rayuwarsa, wanda haɗari ne babba ga mai himofiliya. Na naman dabba ba ya buƙatar haka, sai dai yana lalacewa bayan shekaru, kuma ya fi saurin lalacewa a jikin matashi. Yaron ya dube ni ya ce, "Kawu, ka tambaye su wace dabba ce." Likitan ya ce akwai na alade, akwai na saniya, kuma tun kafin mu yi magana ya riga ya tanadi na saniya, domin ya saba da Musulmi.

A kan kuɗi kuwa, duk wanda ya ji an ce aikin zuciya a Indiya yana da sauƙi, to ba a lissafa masa fakta 8 ba. Sinadarin ba ya wuce kimanin awa 12 rabinsa ya ƙare a jiki, saboda haka aka yi ta ƙara masa dare da rana kusan mako biyu, kuma kowace kwalba sai da ta hau kan takardar biya. Duk da haka na yaba musu abu ɗaya, wato ba a taɓa aika ni kantin magani da tsakar dare in nemo wani abu ba, kamar yadda muka saba a gida. Mai masaukinmu, wani dattijo Musulmi ɗan ƙabilar Tamil ta yankin, ya rage mana kuɗin ɗaki da ya ga zaman ya yi tsawo, iyalinsa kuma suka riƙa aiko mana da biryani, irin dafa-dukar shinkafarsu, ko da yake yajinta ya fi ƙarfina.

Aikin ya yi kyau, alhamdu lillahi. Aka sallame mu da gargaɗin kada ya sha maganin ciwon jiki irin su ibufurofen, muka dawo da kwalaben fakta a akwatin sanyi da takardar likita, wadda sai da aka duba a kowane shinge har Kano.