Abin da duba bayanin manhajar neman wuri ya koya mini

An ba ni aikin duba takardar bayanin wata manhaja mai nemo wurare a taswira, irin wadda wakilin ƙirƙirarriyar basira, wato shirin kwamfuta mai yi wa mutum aiki ta hanyar amfani da wasu manhajoji, ke kira idan mutum ya ce a samo masa asibiti ko otal mafi kusa. Na shiga aikin da ma'aunin da na saba: an ambaci kowane gurbi da ake cikewa? Rubutun ya fito tsaf? Akwai misali? Takardar ta cika waɗannan duka, har na kusa sa hannu.

Gwaji ne ya tsayar da ni. Na sa wakilin ya nemo kantin magani a tsakiyar birnin Paris. Ya aika lambobin wurin kamar yadda yawancin mutane ke rubuta su, latitud (matsayin arewa ko kudu) 48.85 a gaba, longitud (matsayin gabas ko yamma) 2.35 a baya. Ashe manhajar tsarin GeoJSON na rubuta bayanan taswira take bi, wanda ƙa'idarsa ta RFC 7946 ta shekarar 2016 ta ce longitud ne ke zuwa farko. Sai ta karanta lambobin a juye, wurin ya faɗa cikin tekun Indiya, gabas da gaɓar Somaliya. Ba ta ce an yi kuskure ba, domin a wurinta lambobin halattattu ne. Jeri kawai ta dawo da shi babu komai a ciki, shi kuma wakilin ya shaida mini da cikakken tabbaci cewa babu kantin magani a yankin. Da na koma takardar, abin da aka rubuta a gaban gurbin shi ne lambobin wuri, ba ƙari.

Wannan ya daɗe yana damuna, domin mai tambayar zai iya zama uwa da yaro ba lafiya cikin dare. Injiniya ɗan Adam idan ya ga sakamako babu komai zai yi shakka, ya juya lambobin, ko ya tambayi abokin aiki. Wakili ba shi da wanda zai tambaya. A tsarin MCP, mai haɗa wakili da manhajoji, wanda kamfanin Anthropic ya fitar a watan Nuwamban 2024, abin da ke isa gare shi game da kowace manhaja bai wuce sunanta ba, da ɗan bayaninta, da tsarin guraben da aka rubuta da JSON Schema, wata ƙa'idar bayyana siffar bayanai. Duk abin da marubucin ya bari a cikin kansa don yana ganin kowa ya sani, wakilin zai cike shi da zato, kuma zai yi zaton ba tare da ya faɗa ba.

Daga nan na canja yadda nake karatu. Kowane gurbi na tsaya a kansa in tambayi kaina: ta hanya nawa za a iya fahimtar wannan? Gurbin nisa, alal misali, mita ne ko kilomita? Wanda ya rubuta 5 yana nufin kilomita, manhajar kuma tana ƙirga mita, bai bincika ko faɗin titi ba. Akwai iyaka kuma? Manhajar Google Places ta faɗi tata ƙarara, mita 50,000, kamar yadda Nominatim, manhajar neman wuri ta taswirar OpenStreetMap, ta faɗi cewa kada a wuce buƙata ɗaya a daƙiƙa a kan sabarta ta jama'a. Irin wannan jimla gajeriya ta fi mini shafi guda na yabon manhaja amfani.

Sai batun sunaye, wanda na ga an fi sakaci da shi. Akwai Tarabulus a Libiya, akwai Tarabulus a Lebanon. Akwai Paris a Faransa, akwai wata a jihar Texas ta Amurka. Takardar da nake dubawa ba ta faɗi yadda ake jera sakamako ba, ko bisa kusanci ne ko bisa shahara, kuma ba ta nuna cewa ana iya taƙaita bincike da lambar ƙasa mai haruffa biyu ta ISO 3166 ba, alhali gurbin yana nan. Wakilin na farkon jerin yake ɗauka ya wuce.

Rahoton da na mayar bai nemi a tsawaita takardar ba, domin duk kalmar da aka ƙara tana cin gurbi a cikin abin da wakilin ke iya riƙewa lokaci ɗaya. Na ma nemi a cire sakin layi biyu na gabatarwa. A madadinsu na roƙi a rubuta wace lamba ce ke gaba, da wane ma'auni ake auna nisa, da abin da jeri marar komai ke nufi, har da shawarar a sake duba lambobin kafin a ce wa mutum babu. Bayan an gyara na maimaita tambayar Paris sau da yawa, da kalmomi daban-daban, kuma kowane karo wakilin ya sa longitud a gaba, kantunan maganin suka fito.