Taron tsaye na farko

Talata, da dare.

Yau muka fara aiki da tsarin sikiram, inda ake raba aikin tawaga zango-zango na 'yan makonni, ana ɗan taro a tsaye kowace safiya. Ƙarfe tara daidai muka tsaya a gaban allo, mu takwas. Ƙa'idar sikiram minti 15 ta ba taron, mu kuwa sai da muka cinye 40. Rabin laifin nawa ne, don ni na gayyato oga. Da ganinsa kowa ya juya masa fuska yana zuba rahoto, kamar mai kare kansa a gaban alƙali. Taron da aka shirya don mu gaya wa juna inda muka maƙale, sai ya koma "Yallabai, jiya na yi kaza da kaza."

Sai na tuna ƙaramin kamfanin da na baro. Mu shida ne, ba mu ma san abin da muke yi ajayil ake ce masa ba sai daga baya, wato yin aiki kaɗan-kaɗan, ana nunawa ana gyarawa. Allo ɗaya, layi uku: abin da ke jira, abin da ake kai, abin da aka gama. Duk mako biyu mu nuna wa mai aikin inda muka kai, ya ce wannan ya yi, wancan a sāke. In tambaya ta taso, kujera kawai za ka juya. Lissafin ma a fili yake: tsakanin mutum shida hanyoyin magana 15 ne, tsakanin mutum 50 kuwa 1,225. A wannan kamfanin kuwa mun haura mutum ɗari biyu, kowane sashe da nasa sarkin.

Da rana na koma wurin allon ni kaɗai, na ƙara layi na huɗu, na rubuta masa "jiran sa hannu". Na kira abokan aikin na ce kowa ya mayar da takardar aikinsa da ke kan allon zuwa layin da take a gaskiya. Cikin takardu 14, tara suka koma can. Wata ta yi mako uku tana jiran amincewar sashen tsaron bayanai, wata tana hannun masu sayen kaya. Babbar cikinmu ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Malam, ashe ba mu ne masu nawa ba." Tun da na zo wurin nan ban ji maganar da ta yi min daɗi kamar wannan ba. Shekara da shekaru ana ce musu su ƙara sauri, alhali aikin a teburin wasu yake kwana.

Mun kuma yarda kada takardun da ake kai su wuce uku a lokaci guda, dabarar kanban da ta samo asali daga masana'antar Toyota. Mutum ɗaya ya ƙi, wai hannunsa zai zauna banza. Na ƙyale shi, mako biyu na zangon ba nisa.

Da yamma oga ya kira ni. Ya ji labarin SAFe, tsarin manyan kamfanoni inda mutum 50 zuwa 125 ke haɗuwa su tsara aikin mako takwas zuwa goma sha biyu, yana so a kawo mana shi gaba ɗaya, har da sabuwar manhaja. Na ce, "Yallabai, a bar tawaga ɗaya ta yi zango biyu ko uku tukuna, mu ga abin da zai fito." Na so in ƙara da cewa mutum 17 ɗin da suka rubuta sanarwar ajayil a Snowbird, jihar Yuta ta Amurka, a Fabrairun 2001, abin da suka fara sawa gaba shi ne mutane da mu'amalarsu, kafin tsari da kayan aiki. Na haɗiye. Ba a yi wa oga karatu ranar farko.

Abu ɗaya dai na samu: ya yarda ba zai ƙara zuwa taron safe ba, sai ranar nuna aiki. Gobe zan ciro takardar nan mai mako uku, in hau da ita sashen tsaro da ƙafata, in ji wa take jira.