Juma'a, 6 ga Maris 2026, unguwar Nima, Accra

Yau hutu ne, Ghana ta cika shekara 69 da samun 'yancin kai, don haka ban buɗe shagon ɗinki ba. Tun kafin asuba na ji motsin maƙwabta suna sahur, ana ta da yara, ana ɗumama tuwo, sai ni ma na tashi na yi addu'ata. Bana azuminmu na Kirista da nasu tare suka kama hanya. Larabar Toka ta faɗo 18 ga Fabrairu, a makon ne kuma aka ga watan Ramadan. Ranar da Fada ya shafa mini toka a goshi a cocin St. Kizito na ɗauki alkawari tsakanina da Ubangiji cewa waakye, wato shinkafa da wake irin na Ghana, ba zai shiga bakina ba sai Ista, 5 ga Afrilu.

Wanda bai tashi a unguwar nan ba zai ga abin bai taka kara ya karya ba. Ni kuwa tun ina firamare da shi nake karya kumallo, kuma a hannun mutum ɗaya, Hajiyar da ke bakin lungunmu. A kwanakin aiki nakan fita da wuri, in dawo bayan ta kwashe kayanta, shi ya sa nake samun sauƙi. Yau kuwa ina gida. Saboda azumi ta mai da girkinta yamma don masu buɗa-baki, kuma tagar ɗakina tana kallon murhunta. Tun azahar ta ɗora wake, ta jefa karan dafi da 'yar kanwa, ruwan ya yi jajir, sannan ta zuba shinkafa. Da ta fara soya shito, busasshen kifi da jatan lande da barkono suka haɗu cikin mai, wallahi sai da na ajiye rigar da nake yi wa kalmasa. Ba yunwa nake ji ba, na sha koko da ƙosai da safe. Kwaɗayi ne tsagwaronsa. Na zauna ina lissafa yadda take zuba mini a ganye: taliya a gefe, gari mai jan mai, dafaffen ƙwai, ganda mai laushi, da ɗan ƙanzon ƙasan tukunya da take ajiye mini tun ina yarinya.

Ƙanena ya shigo ya same ni a haka. Ya ce, "Yaya, ke kika ɗora wa kanki. Coci nama ta hana ranar Juma'a. Ki sayi naki da kifi, ba wanda zai ce kin karya doka." Gaskiyarsa ne ta fuskar doka. Abin da aka ɗora mana shi ne barin nama kowace Juma'a daga shekara 14, da rage ci ranar Larabar Toka da Juma'a Mai Kyau, wato Juma'ar da ke gaban Ista, ga wanda ya kai 18 bai shiga shekararsa ta 60 ba. Ya ƙara da cewa daga Larabar Toka zuwa Ista kwana 46 ne, sai an cire Lahadi shida suke zama 40, don haka ko ranar Lahadi ina iya ci. Na ce masa nama bai taɓa damuna ba, ina iya wata ban nema ba. In na miƙa wa Allah abin da ban damu da shi ba, me na miƙa? Lahadin ma ba zan taɓa ba, don na san halina, in na ɗanɗana sau ɗaya Litinin za ta yi mini nauyi.

Da la'asar na tafi coci Hanyar Gicciye, addu'ar tuna wahalar Yesu. Zafin Maris bai raga wa kowa ba, cocin kuma ya cika saboda hutu. Mun bi tashoshi 14 ɗin muna durƙusawa muna tashi. A gabana akwai wata tsohuwa 'yar Navrongo, ƙawar mahaifiyata, gwiwoyinta sun gaji amma ba ta tsallake ko ɗaya ba. Mutanen garinsu ne suka fara karɓar limaman Katolika a arewacin Ghana a 1906, kuma daga irinsu muka koyi wannan azumi, ba daga takarda ba. Bayan an gama katikis, malamin coci, ya tuna mana da Ishaya sura 58, inda Allah yake cewa azumin da yake so shi ne a raba abinci da mayunwaci, a kwance wa wanda aka danne igiya. Wannan ne ya tsaya mini a rai duk hanyar gida.

Domin akwai abin da nake yi tun farkon azumin nan. Kuɗin waakyena na kullum ban daina kai wa Hajiya ba. Ita ma da cinikin take ciyar da jikoki, ban ga dalilin da ibadata za ta rage mata ciniki ba. Mun shirya cewa ta riƙa ƙunshe rabona ta ba wata yarinya kayayo da ke ɗaukar kaya a kasuwar Nima, tana kwana a barandar wani shago da goyonta. Ban taɓa tsayawa na ga lokacin da take karɓa ba sai yau. Ta zo dab da magariba, kwanon dakonta a hammata, ta tsuguna gefe tana jiran kiran salla, don ita ma azumi take yi. Da ladan ya kira ta sha ruwa, ta buɗe ganyen, ta fara ɓare ƙwan ta ba yaron kafin ta kai loma bakinta. Shekarunta ba za su wuce na 'yar koyon ɗinkina ba. Kaya take ɗauka a ka tun safe cikin wannan rana, ba ko ɗigon ruwa. Ni da na sha kokona na wuni a inuwa, sai na ji kwaɗayin nan da ya dame ni tun azahar ya kwanta.

Hajiya ta miƙo mini dabino ta ce, "'Yata, wannan dai ai ba a hana ki ba." Na karɓa da hannu biyu na ce, "Mma, a sha ruwa lafiya." Muka ɗan taɓa hira. Ta tuno shekarar 2019 da Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya je cocin Christ the King ranar Ista lokacin cikarsa shekara 100, ta ce tun ranar ta daina jin nauyin tambayata yadda muke namu azumin. Ta yi mamaki da na gaya mata cewa tokar da ake shafa mana ta ganyen da muka riƙe a Lahadin Dabino ta bara ce, ake ƙonawa.

Da dare na dafa doya da miyar kontomire, wato ganyen gwaza, da kifi, muka ci da ƙanena. Sai yanzu da nake rubutun nan na tuna cewa Ƙaramar Salla za ta zo wajen 20 ga wata, mako biyu kafin Ista. Kowace shekara Hajiya takan aiko mini da kwano shaƙe da waakye da naman kaza, kuma abincin Salla ba a mayar da shi, ba a kuma bayar da shi a gaban mai shi. Gobe kafin in wuce shago zan tsaya in gaishe ta, in roƙe ta bana ta sa mini masa ko tuwon shinkafa.